Idon Gari da Kunnen Hukuma: Tarihin Sa Ido tsakanin Maƙwabta a Ƙasar Sassumbrum

Taƙaitawa

Wannan maƙala tana bin tarihin wata ɗabi'a ta zaman karkara, wato yadda maƙwabta suke lura da baƙuwar fuska da baƙon motsi, a yankin Sassumbrum da ke bakin iyakar Nijar da Najeriya. Tana nuna cewa tun daga ƙarni na 19 kowace hukuma da ta mallaki yankin ta nemi aron idon talakawa, kuma abin da ake kira "abin tuhuma" yakan sauya duk lokacin da mulki ya sauya hannu. A ƙarshe tana fitar da sharuɗɗan da suka raba tsaron gari da tsegumi.

1. Gabatarwa

Tun daga watan Fabrairu na 2015, lokacin da ƴan Boko Haram suka kai hari garuruwan Bosso da Diffa, hukumomin Nijar ba su daina kiran jama'a da su sa ido ba: duk wanda ya ga baƙon da bai yarda da take-takensa ba, ya sanar da mai gari ko jandarma. Ana jin wannan kira a gidajen rediyo, a fadar sarakuna, har a huɗubar Juma'a. Mai sauraro zai iya zaton sabon abu ne da matsalar tsaro ta yanzu ta haifar, alhali kuwa a ƙasar Hausa ta Nijar an yi irinsa a zamanin Nasara, an yi a zamanin Jori, an kuma yi a zamanin Kunce, kuma kowane karo ya bar tabonsa.

Al'amarin bai tsaya ga ƙasar Hausa ba. A 1940 gwamnatin Japan ta tsara gidaje rukuni-rukuni domin rabon abinci da lura da juna a lokacin yaƙi. A 1960 Kuba ta kafa kwamitocin kare juyin juya hali unguwa-unguwa. A 1972 aka ƙaddamar da shirin tsaron unguwa na ƙasa baki ɗaya a Amurka. Dukansu sun dogara ne da idon maƙwabci, amma sakamakonsu ya sha bamban, domin amsar da kowane ya bayar ga tambayoyi uku ta bambanta: wa ke kallo, wa ake kallo, kuma wa ake kai wa labari?

Waɗannan tambayoyi ne za mu bi a cikin wannan ƴar maƙala. Mun zaɓi ƙasar Sassumbrum saboda ƙaramin gari na bakin iyaka shi ne wurin da ake iya ganin saɓanin da ke tsakanin abin da gari yake tsoro da abin da hukuma take tsoro.

2. Ƙasar da ake magana a kanta

Sassumbrum gari ne na gundumar Magarya a jahar Damagaram, kuma tun bayan dokokin rarraba mulki na 2002 shi ne cibiyar ƙaramar hukumar karkara mai wannan suna. Kudu da shi ƙasar Daura ce, wajen Zango da Baure a jihar Katsina. Gabas akwai Magarya, sannan Dungas wadda aka cire daga Magarya aka mai da ita gunduma mai zaman kanta a 2011. Yankin yana cikin mafi cikar jama'a a Nijar. Garuruwa suna kusa da juna, gonakin gero, dawa, wake da gyaɗa sun haɗe, ga Hausawa manoma ga Fulani makiyaya.

Abu biyu ya kamata mai karatu ya riƙe. Na farko, mutanen ɓangarorin iyakar biyu dangi ne: harshe ɗaya, auratayya, kasuwanni ɗaya, malamai ɗaya. William Miles ya nuna haka a littafinsa na 1994 da ya kwatanta Yekuwa ta ƙasar Magarya da Ƴardaji ta ƙasar Daura, garuruwa biyu maƙwabta da iyaka ta raba. Na biyu, saboda wannan dangantaka, "baƙo" a nan ba ya nufin wanda ya fito daga wata ƙasa. Mutumin Zango da ya zo suna ko jana'iza ɗan gida ne. Baƙo shi ne wanda babu mai cewa "nawa ne".

3. Kafin zuwan Nasara: ƙofa, zaure da mai masauki

Bayan da jihadi ya ci birnin Daura a farkon ƙarni na 19, Sarkin Gwari Abdu ya fita da jama'arsa, kuma gidan sarautar Haɓe ya yi zaman gudun hijira a garuruwan wannan yanki, ciki har da Yekuwa da Ƴardaji, kafin ya zauna Zango. M. G. Smith ya yi bayanin wannan rarrabuwa a aikinsa na 1978 kan Daura. Daga arewa kuma Damagaram tana ƙara ƙarfi, musamman a zamanin Sarki Tanimu (1851-1884), har ƙasashen Sosebaki, wato Mirya, Washa da Dungas, da Magarya kanta, suka koma ƙarƙashinta. Yankin ya zama tsakanin Damagaram da ƙasashen da ke bin Sakkwato. Hari da kamun bayi ba su yanke ba har ƙarshen ƙarnin, lokacin da Amadu Kuran Daga yake kai yaƙi ƙasar Kano.

A irin wannan hali sa ido sharaɗin rayuwa ne, kuma an gina shi cikin tsarin gari da na gida. Babban gari yana da ganuwa, ƙarami yana da kafi na itace da ƙaya, kuma ana rufe ƙofa da dare. Gidan mai hali yana da zaure, inda baƙo namiji yake tsayawa ya yi sallama. Maharba da makiyaya, waɗanda suke yini a dawa, su ne suke fara ganin sawun dawaki ko tokar wutar da ba a san mai ita ba. In aka yi sata sai a yi kuwwa, maza su fito, masu bin sawu su shiga gaba. In sawu ya shiga wani gari, ya rage ga mai garin ya nuna inda ya fita, ko kuwa ya nemo mai shi a cikin mutanensa.

Ginshiƙin tsarin duka shi ne mai masauki. Fatake, almajirai, ƴan ci-rani, kowa yana sauka ne a hannun wani: fatoma, malamin tsangaya, ɗan'uwa, ko mai gari da kansa. Mai masauki yakan gabatar da baƙonsa ga mai unguwa ko mai gari, ya tsaya masa a ciniki, kuma shi ake tambaya in wani abu ya ɓace. Ta haka aka daidaita wajibai biyu da suke karo da juna. Addini da al'ada sun ɗora wa mutum karɓar baƙo, sun kuma hana shi mummunan zato da binciken asirin mutane, kamar yadda ya zo a Suratul Hujurati. A gefe guda kuma Bahaushe ya ce sai da ɗan gari akan ci gari. Mafitar ita ce a bar bincikar zuciyar baƙo, a ɗora alhakinsa a wuyan wani sananne.

Kada a ɗauka cewa zamanin adalci ne tsantsa. Idon da yake gano ɓarawo shi ne yake gano bawan da ya tsere a mayar da shi ga ubangijinsa. Hukuncin sata kuma yana da tsanani. James Richardson, wanda ya zauna Damagaram a farkon 1851, ya bar bayanin yadda ake kashe masu laifi a birnin. Abin lura shi ne siffar zargi: ana yin sa a fili, a ƙofar mai gari ko gaban alƙali, mai zargi da sunansa, kuma ana neman shaidu. Wanda ya yi ƙarya zai ci gaba da zama da wanda ya yi wa, a masallaci ɗaya da rijiya ɗaya.

4. Mulkin Nasara: mai gari ya zama idon bariki

Sojojin Faransa sun shiga Damagaram a ƙarshen Yuli na 1899 bayan yaƙin Tirmini. Yarjejeniyoyin 1898, 1904 da 1906 tsakanin Faransa da Ingila suka tsara iyaka a takarda, sannan tawagar Tilho da O'Shee ta bi ƙasa daga 1906 zuwa 1908 tana kafa alamomi 148 daga kogin Kwara zuwa tafkin Cadi. Turakun ƙarfen da aka kafa a wannan yanki su ne mutane suke kira tangaraho. A 1906 ne kuma Ingilishi suka mayar da gidan Haɓe kan sarautar Daura. Ƙasar Magarya ta zauna hannun Faransawa, asalin sarautarta kuwa yana hayin iyaka.

Shekarar 1906 ta koya wa masu sarauta darasin da ba su manta ba. Bayan tawayen Kobkitanda a yammacin Nijar da na Satiru kusa da Sakkwato, hankalin Nasara ya tashi. A cikin wannan yanayi aka kai musu labarin cewa Sarkin Damagaram Amadu ɗan Basa yana shirya musu maƙarƙashiya. Aka tuɓe shi, aka kai shi Kodebuwa, aka kama manyan mutanen gari ciki har da attajiri Malam Yaro, aka danƙa ragamar ƙasa ga Ballama, wani babban bawan sarki. Sai a 1923 aka mayar da sarautar. Masana tarihi sun yi ta muhawara kan gaskiyar maƙarƙashiyar, amma abin da kowa ya gani a lokacin shi ne, magana a kunnen kwamanda tana iya tuɓe sarki ta ɗaga bawa.

Daga nan aikin mai gari ya sauya. Shi zai ƙidaya kawuna da dabbobi, ya tara lanho, ya ba da mutanen aikin tilas da na soja, ya kuma sanar da bariki duk wani baƙon malami ko mai wa'azi, musamman bayan harin da aka kai barikin Tasawa a 1927. Dokar talakawan mallaka ta ba kwamanda ikon ɗaure mutum ko cin sa tara ba tare da shari'a ba. Mutanen bakin iyaka suna da makami ɗaya, wato ƙafa. In lanho ya yi nauyi ko aka zo ɗibar samari, sai gida ko unguwa guda ta kwana ta tashi a "Ingilishi". Finn Fuglestad ya nuna a tarihinsa na 1983 yadda wannan ƙaura ta dami hukumar mallaka shekara da shekaru. Tsakanin 1940 da Nuwamba na 1942, lokacin da Afirka ta Yamma ta Faransa take bin gwamnatin Vichy, an ƙara tsaurara tsaron iyaka, kuma zuwa hayi yana iya jawo wa mutum zargin yi wa Ingilishi leƙen asiri.

A nan ne ma'anar abin tuhuma ta rabu biyu. A wurin bariki, wanda yake ɗaure kayansa da dare abin tuhuma ne. A wurin maƙwabta kuwa ɗan'uwa ne da ya gaji, kuma rufa masa asiri shi ne mutunci. Wanda gari ya koma yi wa kallon tsoro shi ne mai yawan zuwa bariki ba da dalili ba. Mai gari ya shiga tsaka mai wuya: in ya faɗa, mutanensa su watse, in ya yi shiru, a tuɓe shi. Da yawa sun koyi faɗin rabi. An soke aikin tilas da dokar talakawan mallaka a 1946, amma matsayin mai gari na idon hukuma ya zauna, kuma dokokin sarautar gargajiya na 1993 da 2015 sun riƙe shi a matsayin mataimakin hukuma.

5. Gyaɗa: abin da gari ya gani ya yi shiru

Daga shekarun 1930 zuwa na 1970 gyaɗa ce dukiyar ƙasar Magarya, kuma Sassumbrum yana cikin kasuwannin da ake awonta. Kowane ɓangaren iyaka yana da nasa farashi da nasa kuɗi. A Najeriya hukumar cinikin amfanin gona ce take yanke farashi, a Nijar kuwa kamfanonin Faransa ne, sannan SONARA daga 1962, tare da ƙungiyar haɗin gwiwar manoma ta UNCC. John Collins, wanda ya yi bincikensa a Magarya, ya nuna a 1976 cewa gyaɗa tana ƙetare iyaka a ɓoye, kuma alƙiblarta tana juyawa ne da bambancin farashi: wata shekara ta yi kudu, wata shekara ta yi arewa.

Jakuna da raƙuma masu ɗauke da buhuna ba sa wucewa ta ƙauye ba a gan su ba. Matan da suke fita rijiya da asuba sun gani, mai shayi ya gani, mai gari ya sani. Amma kai wa duwan labari yana nufin taɓa abincin maƙwabci, wanda gobe kai ma za ka bi hanyarsa. Wannan ya nuna cewa sa ido a ƙauye zaɓi ne. Jama'a suna ganin kusan komai, sannan su tace: abin da zai cuci ɗan gari, kamar satar akuya ko fasa rumbu, a yi masa kuwwa, abin da zai cuci baitulmali kaɗai, a kau da kai. Bayan faɗuwar gyaɗa sakamakon farin 1973-1974 da cutar da ta kama ta a 1975, kayan sun sauya zuwa man fetur, taki, wake da dabbobi, amma ƙa'idar tacewar tana nan.

6. Kakar 1964: lokacin da aka ari idon gari gaba ɗaya

Babu lokacin da ya fi fito da haɗarin al'amarin kamar rikicin Sawaba. Jam'iyyar Jibo Bakari ta ja ragamar gwamnatin farko ta 1957, ta nemi a ce "a'a" a ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958, ta sha kaye bayan da Gwamna Colombani ya juyo da yawancin sarakuna, sannan aka haramta ta a Oktoba na 1959. Ƙarfinta yana wurin talakawan birni da na hanya: direbobi, ƴan kamasho, masu sana'ar hannu, ƙananan ma'aikata da ƴan kasuwa, kuma Damagaram tana cikin cibiyoyinta. Tana da zumunci da NEPU ta Malam Aminu Kano, don haka Kano ta zama mafakar ƴaƴanta.

Gwamnatin PPN-RDA ta Jori Hamani, da Jambala Yansambu Maiga a ma'aikatar cikin gida, ta shimfiɗa kwamitocin jam'iyya har ƙauyuka, ta kuma kafa ƴan milisi. A Satumba da Oktoba na 1964 mayaƙan Sawaba, waɗanda aka horar a Sin, Biyetnam ta Arewa, Aljeriya da Gana, suka shigo ƙungiya-ƙungiya ta iyakokin kudu da yamma, har da sashen Magarya da Matamai. Ba su wuce ƴan ɗaruruwa ba. Klaas van Walraven, a babban littafinsa na 2013 kan Sawaba, ya nuna cewa sun shigo da tsammanin jama'a za su tarbe su su tashi tare da su, alhali hukuma ta riga ta sami labarin zuwansu. Aka umurci sarakuna da masu gari su fito da talakawa farauta. Cikin ƴan makonni aka kashe wasu aka kama saura, kuma a watan Oktoban nan aka harbe mutum huɗu a bainar jama'a a Yamai. Bayan jifan gurneti da aka yi wa Jori a filin idi ranar 13 ga Afrilu 1965, kame ya ƙara faɗi.

Me ya sa ƙauyukan da suka rufa wa masu gudun lanho da masu fasa-ƙwaurin gyaɗa asiri ba su iya rufa wa waɗannan ba? Akwai dalilai uku da suka haɗu. Na farko tsoro: saukar da ɗan Sawaba, ko ba shi ruwa, ya zama laifin da zai kai mutum kurkuku ya kuma jawo wa garinsa fushin hukuma. Na biyu, tsohuwar ƙa'idar mai masauki ta juya ta zama tarko. Mutumin da ya yi shekaru a waje, ya dawo da dare ɗauke da makami, yana kwana a dawa domin kada ya jawo wa danginsa bala'i, ya cika duk siffofin wanda gari ya saba yi wa kuwwa. Na uku, akwai riba. Mai neman sarauta, mai rikicin gona, mai kishin ɗan kasuwa, kowa ya sami kalma ɗaya da za ta kawar masa da abokin hamayya ba tare da shaida ba.

Akwai waɗanda suka saukar da mayaƙan suka ɓoye su, kuma da yawansu sun biya da shekaru a gidan kaso. Abin da ya lalace a wannan kaka shi ne siffar zargi da muka bayyana a sashe na 3. Ya tashi daga ƙofar mai gari ya koma kunnen ɗan kwamiti, babu suna, babu shaidu, babu damar kare kai.

7. Samariya da zamanin Kunce

Juyin mulkin 15 ga Afrilu 1974 ya rushe PPN-RDA da ƴan milisinta, ya kuma buɗe ƙofar kurkuku ga fursunonin siyasa. Saini Kunce ya nemi abin da zai maye gurbin jam'iyya, sai ya ɗauko samariya, tsohuwar ƙungiyar matasan gari mai sarkin samari da muƙamanta. Ita da ƙungiyoyin manoma aka ɗora wa tsarin da aka kira al'ummar ci-gaba, mai majalisu tun daga ƙauye har ƙasa. Samariya ta yi aikin gayya mai yawa: azuzuwan lakwal, shuka itatuwa, share gari, tarbar baƙin hukuma. Cikin ayyukanta kuma akwai lura da shige da fice.

A bayan wannan fuska akwai ofishin BCL na ƴan sandan ciki, wanda Amadu Umaru Bonkano ya riƙe har zuwa yunƙurin juyin mulkin Oktoba na 1983 da shi kansa ya shirya. Waɗanda suka rayu a lokacin suna tuna abu biyu tare: sata ta ragu, kuma mutum ba ya sakin baki ko a gaban abokinsa. Rikicin Maitatsine na Disamba 1980 a Kano ya ƙara sa wa almajirai da masu wa'azi masu ƙetaro iyaka ido.

Sai dai iyaka ta sake gwada ƙarfin wannan tsari. A 1983 gwamnatin Shagari ta kori baƙin haure, a Afrilu na 1984 kuma gwamnatin Buhari ta rufe iyakokin ƙasa, ba a buɗe ba sai Maris na 1986. Rufewar ta zo daidai da fari, har mutanen Nijar suka sa wa yunwar suna El Buhari. Hatsin da ya shigo ƙauyukan Magarya a waɗannan shekaru ya biyo hanyoyin dawa ne, da dare, a gaban idon samarin da aka ɗora wa tsaro. A kan maganar abinci, gari ya sake zaɓar abin da zai gani.

8. Daga ƴan banga zuwa kwamitocin sa ido

Kunce ya rasu a Nuwamba na 1987, taron ƙasa na 1991 kuma ya kawo ƙarshen tsarin jam'iyya ɗaya da samariyar hukuma. Talaucin gwamnati a shekarun da suka biyo baya, ga karyewar darajar sefa a Janairu na 1994, ya bar ƙauyuka da jandarmomi kaɗan, ba mota ba mai. A wannan giɓi ne ƴan banga suka yaɗu a kudancin Nijar. Sunan ya fito ne daga siyasar Kano ta shekarun 1950, inda ake kiran matasan jam'iyya masu tsaron taro da shi. A sabuwar ma'anarsa yana nufin samarin da gari ko ƴan kasuwa suke biya su yi sintiri da dare. A garuruwa kuma fadojin matasa masu shan shayi a bakin titi har tsakar dare sun zama wani idon unguwa, kamar yadda Adeline Masquelier ta bayyana a 2019.

Waɗannan tsare-tsare daga ƙasa suka taso, don haka sun fi kusa da tsohuwar kuwwa. Amma suna da nasu haɗari, wato hukunci a hannu da kuma zargin jinsi guda. Abin da ya faru a Toda ta jahar Maraɗi a Oktoba na 1991, inda rikicin manoma da makiyaya ya kai ga kashe Fulani fiye da 100, yawancinsu mata da yara, ya nuna inda gangami yake kaiwa in babu mai tsayar da shi. A Zamfara ma ƴan sa-kai da aka kafa domin korar ɓarayin shanu sun shiga cikin dalilan da suka mai da sata yaƙi, wanda daga baya ya tsallako kudancin Maraɗi. Makiyayi, wanda a ƙarni na 19 yake cikin masu kawo wa gari labarin dawa, ya koma farkon wanda ake tuhuma.

Wayar salula ta ƙara wani sauyi: labari yana isa jandarma, ko ya bazu cikin jama'a, ba tare da ya bi ta zauren mai gari ba. Rufe iyaka na Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da na bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 wanda ya kai Maris na 2024, sun sake tayar da tsohon saɓanin nan tsakanin abin da hukuma ta haramta da abin da gari yake ci.

9. Kammalawa

In muka koma ga tambayoyinmu uku, za mu ga cewa mai kallo bai sauya ba tun zamanin Tanimu: maƙwabci ne. Wanda ake kallo ya yi ta sauyawa, daga mahari da bawa mai gudu zuwa mai gudun lanho, ɗan Sawaba, almajiri, makiyayi. Wanda ake kai wa labari shi ne ya fi yanke sakamako. Tarihin ƙasar Sassumbrum ya nuna cewa jama'a suna ba da idonsu da son rai a kan abin da su ma suka yarda cuta ne, suna kuma hana shi a kan abin da ya shafi abincinsu, komai tsananin hukuma.

Daga nan za a iya fitar da sharuɗɗa huɗu waɗanda duk lokacin da suka cika sa ido ya kare gari, duk lokacin da suka faɗi kuma ya cinye shi. Zargi ya kasance yana da mai shi, wanda za a iya tambaya in ya yi ƙarya. Baƙo ya kasance yana da hanyar samun mai masauki, kuma kada saukar da shi ya zama laifi. Wanda ya gani ya bambanta da wanda zai hukunta. Sannan tuhuma ta tsaya kan aikin da aka ga mutum yana yi, kada ta hau kan jam'iyyarsa, ƙabilarsa ko aƙidarsa. A 1964 duka huɗun sun faɗi a lokaci ɗaya.

Masu tsara kwamitocin sa ido a garuruwan bakin iyaka suna gaban jama'ar da ta riga ta san wannan tarihi a jikinta. Dattawan da suka ga kakar 1964 suna ƙarewa, rahotannin rangadin kwamandoji kuma suna ajiye a ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Yamai. Haɗa bakin waɗancan da takardun nan, gari bayan gari daga Sassumbrum zuwa Dungas, aiki ne da ya dace da ɗalibanmu masu neman batun kundi.